ZANCEN ZANGO: Titi Na Kowa Ne, Ba Na Mai Mota Kaɗai Ba

A wannan wata za mu tattauna a kan titunan da suka ratsa unguwanninmu, domin babu wani zango a ƙasar Gana da ba a taɓa kai masa gawar wanda mota ta buge ba. Idan abin ya faru sai mu yi wa juna ta'aziyya, mu ce kwana ya ƙare, wasu kuma su zagi direba. Ba mu musun ƙaddara. Amma akwai tambayar da ya kamata mu riƙa yi bayan an dawo daga maƙabarta: shin wane ne ya zana titin nan, kuma da yake zana shi ya tuna da mai tafiya a ƙasa?

Kowace shekara sama da mutum 2,000 ke rasuwa a kan hanyoyin ƙasar nan, a 2021 ma adadin ya kusa 3,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma idan aka gwada da yawan jama'a nahiyar Afirka ce ta fi kowa asara, alhali ita ce mai ƙarancin motoci. Da yawa daga cikin mamatan nan ba su taɓa mallakar mota ba. 'Yan makaranta ne, da mata masu talla, da tsofaffi masu zuwa masallaci, da masu keke da babur.

Mutanen Madina ba za su manta da ranar 8 ga Nuwamba 2018 ba. An faɗaɗa babbar hanyar da ta tashi daga Madina zuwa Adenta, aka fara gadojin ƙafa guda 6, aka bar su shekara da shekaru ba a gama ba. Motoci suka samu hanya sumul suna gudu, jama'a kuwa dole su tsallaka domin kasuwa da makaranta suna ɗaya gefen. Ran nan tasi ta kashe wata ɗalibar sakandare, sai haƙuri ya ƙare, matasa suka tare hanya suka ƙona tayoyi. Bayan haka ne aka dawo da 'yan kwangila, aka kammala gadojin. Kuɗin da aka ce babu, sai ga shi ya fito da jini ya zuba.

Irin wannan ta faru a kan hanyar da ta tashi daga Tete Kwashi zuwa mahaɗar Malam, mai tsawon kilomita 14, wadda aka buɗe a 2012 da tallafin Amurka. Hanya ce mai kyau ga wanda ke cikin mota. Ga mazauna Lapaz da kewaye kuwa ta zama kamar kogi da aka haƙa a tsakiyar gari, mashigai kaɗan, kuma nesa da juna.

A nan ne muke son mu jawo hankalin masu karatu ga abin da ke kisa, wato gudu. Direba mai lafiya yakan ɗauki kamar daƙiƙa ɗaya tsakanin ganin yaro da taka birki. Idan yana tafiyar kilomita 30 a awa, cikin wannan daƙiƙa motar ta ci mita 8, kuma za ta tsaya cak a wajen mita 13. Idan kuwa kilomita 50 yake yi, motar ta ci kusan mita 14 tun ƙafarsa ba ta kai kan birki ba, ba za ta tsaya ba sai wajen mita 28. Ke nan a daidai wurin da mai 30 ya riga ya tsaya, mai 50 bai ko fara rage gudu ba. Shi ya sa yawancin waɗanda aka buge da gudun 30 suke tashi da rauni, waɗanda aka buge da 60 ko 70 kuwa da yawa daga cikinsu sai dai a ɗauko likkafani.

Ba doka muka rasa ba. Dokar hanya ta 2012 ta ƙayyade kilomita 50 a cikin gari, da 30 a kusa da makaranta, asibiti, kasuwa, masallaci ko coci. Taron ministocin duniya da aka yi a Sitokhom a 2020 shi ma 30 ya amince da ita a duk inda mutane da motoci suke cakuɗuwa. To amma allo ba ya riƙe ƙafar direba, ɗan sanda kuma ba zai kwana a kowace kwana ba. Idan titi ya yi faɗi, ya miƙe sambal, shi da kansa yake ce wa direba taka. Mutanen Suwidin sun gane haka tun 1997, lokacin da majalisarsu ta ɗauki manufar cewa ɗan Adam ba ya rabuwa da kuskure, saboda haka a gina hanya yadda kuskuren ba zai zama ajali ba.

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne. A mahaɗar Suhum, kan hanyar Ankara zuwa Kumasi, an shimfiɗa 'yan tuddai masu girgiza mota, kuma binciken da aka yi tsakanin 2000 da 2001 ya nuna hatsari ya ragu da kamar kashi 35 cikin 100, mutuwa kuma da kamar kashi 55. Kuɗin aikin bai kai komai ba idan aka gwada da na gada. Wanda ya je Tamale kuma ya ga yadda aka ware wa masu keke hanyarsu a gefen manyan tituna, tsoho da ɗan makaranta suna tafiya ba tare da lori yana huci a bayansu ba. A Darussalam ta Tanzaniya an gyara ƙofofin makarantu da tudu da zanen tsallakawa da hanyar ƙafa, raunin da yara ke samu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

To me ya kamata mu nema? Na farko, hanyar ƙafa mai ɗan tudu a gefen titi, a kuma rufe kwatocin da ke buɗe, domin buɗaɗɗiyar kwata ce ke tura mutum tsakiyar kwalta. Na biyu, wurin tsallakawa a daidai inda jama'a suke tsallakawa da ma, a ɗaga shi ya zama tudu yadda dole mota ta lafa. Na uku, tsibiri a tsakiyar titi mai faɗi, domin tsohuwa ta tsallake rabi, ta tsaya ta huta, sannan ta ƙarasa. Na huɗu, fitila da dare, musamman hanyar masallaci da asuba da bayan isha'i. Na biyar, wurin tsayawar torotoro na sosai, a daina sauke fasinja a tsakiyar hanya. Gadar ƙafa tana da amfani a kan babbar hanya, amma a cikin unguwa ba ita ce magani ba. Mace mai goyo da kaya a ka, ko gurgu, ko mai ciwon gwiwa, ba za su yi zagayen rabin kilomita su hau sama su sauko ba. Za su bi ta ƙasa, kamun 'yan sanda kuma bai taɓa hana su ba.

Direbobi su ma kada su ɗauka da su ake faɗa. Yawancinsu 'yan'uwanmu ne da 'ya'yanmu, kuma duk wanda ya taɓa buge mutum ya san abin da ke biyo baya: ofishin 'yan sanda, kotu, bashi, da rashin barci na shekaru. Titin da ya raba mai ƙafa da mai keke da mai mota ya kare su duka.

Akwai kuma gyara a cikin gida. Wasu 'yan kasuwa, da an gina hanyar ƙafa sai su kafa tebur a kai. Wasu masu babur sun mai da hanyar keke tasu. Wasu matasa kuma, cikin ɓacin rai, sukan tara ƙasa da duwatsu su yi tudu da dare ba fenti ba alama, washegari ya kayar da mai babur. Niyyar mai kyau ce, amma tudu yana da awo, aikin injiniya ne. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa hanya tana da haƙƙi, kuma kawar da abin cutarwa daga kanta ibada ce.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Lokacin magana shi ne kafin a zuba kwalta. Saboda haka muna kira ga sarakunan zango, da limamai, da shugabannin matasa da ƙungiyoyin mata, duk lokacin da aka ji za a yi sabon titi ko a faɗaɗa tsoho, su nemi wakilin unguwa a majalisar gunduma ya kawo injiniyoyin sashen titunan birni su nuna zanen. A tambaye su: ina yara za su tsallaka? Ina mai keke zai bi? Gudun nawa aka gina titin ya ɗauka? A kuma buɗe littafi a fadar sarkin zango, a riƙa rubuta rana da wuri da lokacin duk hatsarin da ya auku. Takardar koke mai ɗauke da irin wannan lissafi, da sa hannun jama'a, a kai kofe ga Hukumar Kiyaye Haɗurran Hanya ta Ƙasa, ta fi ƙona taya ƙarfi, kuma ba ta jiran sai an yi gawa.

Idan 'yan siyasa suka zo neman ƙuri'a da alkawarin kwalta, mu karɓa da godiya, mu ce a haɗa mana da hanyar ƙafa da fitila. Allah ya tsare mu da 'ya'yanmu a fita da dawowa, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.