Ciwon damuwa: Me ya sa ake sake duba gwajin magani kan ɓeraye?

A watan Afrilun 2025, hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar da shirin rage dogaro da dabbobi wajen gwada sabbin magunguna. Wannan mataki ya sake tada wata tsohuwar muhawara a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa: ta yaya ɓera, wanda ba ya magana, zai nuna cewa yana fama da ciwon damuwa, cutar da hukumar lafiya ta duniya OMS ta ƙiyasta a 2023 tana addabar mutane kimanin miliyan 280?

Masu bincike suna bi ta hanyar takura wa dabbar ne. A tsarin da Paul Willner ya fito da shi a 1987, ana shafe makonni ana jiƙa shimfiɗar ɓeran, ana karkata kejinsa, ana birkita masa dare da rana. Daga baya a ajiye masa ruwa zalla da ruwan sukari. Idan ya daina fifita mai zaƙin, sai a ɗauka ya rasa jin daɗin rayuwa, kamar yadda ake gani ga majinyaci.

Wani tsarin kuma shi ne a haɗa ƙaramin ɓera da babba mafaɗaci kwanaki 10 a jere. Yawancinsu sukan koma gudun 'yan uwansu, amma kusan kashi ɗaya cikin uku suna jurewa. Waɗannan masu juriyar ne suka fi jan hankalin masana, domin su ne za su iya bayyana dalilin da ya sa bala'i ɗaya ke karya wani ya bar wani.

Gwajin da ya fi shan suka shi ne na Roger Porsolt na 1977, inda ake jefa ɓera cikin ruwan da ba zai iya fita ba, a auna lokacin da ya daina fafutuka. Masana da dama na ganin wannan dabarar adana ƙarfi ce, ba yanke ƙauna ba.

Akwai kuma giɓi babba: maganin fluoxetine yakan canja halin ɓera a gwajin ruwan cikin sa'o'i, alhali mutum sai ya yi makonni kafin ya ji sauƙi. Duk da haka, ƙwayoyin halitta a cikin kwalba ko lissafin kwamfuta ba su kai ga nuna yadda tsawon wahala ke sauya ɗabi'a ba. Don haka tsarin da ke auna ruwan sukari da zamantakewa zai daɗe ana amfani da shi, ko da an yi watsi da gwajin iyo.