Ba Aljani Ne Ya Tsara Waƙar Ba

Daga Ibohaman zuwa Buza da Madawa, da wuya a sa waƙar Mamman Shata a majalisa wani bai ce aljanu ne suke ba shi ba. Haka ake faɗa a kan Narambaɗa na Isa. Masu wannan zance suna ganin yabo suke yi, alhali ƙwace ne. Sun ɗauke wahalar mutum sun miƙa wa iska.

A dubi Malam Mamman Barka, ɗan Taskar, malamin makaranta kuma makaɗin gurmi. A 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi wurin Bukar Tar, dattijon da ya rage cikin gwanayen biram, wato abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar. Ya zauna gabansa kamar kowane almajiri har hannunsa ya faɗa, sannan ya kai biram Turai kafin rasuwarsa a 2018. Ina aljani a nan? Tafiya ce da ladabi da naci.

Kowace waƙa tana da mafari: sarkin da aka yi wa ita, abokin gabar da aka yi wa zambo, ɗan damben da ya yi kisa, kamar Shagon da Ɗan Anace ya wasa. In mafarin ya ɓace, habaici ya mutu, sai amo kawai.

Wani zai ce almara ma gado ce. Gaskiya ne, a adana ta. Amma tatsuniya ba ta gadon tarihi. Shata ya rasu a 1999, a 2006 Ibrahim Sheme da abokansa suka fitar da littafin rayuwarsa, bayan sun bi ƴan amshi da iyali da iyayen gida. Ɗan Gurmu na Tawa fa? An sa wa gasar kiɗa ta ƙasa sunansa tun shekarun 1980, amma ɗalibi nawa ne a Adar zai iya ba da labarin waƙarsa ɗaya?

Yau waƙoƙi suna yawo a wayoyi ba suna, ba shekara, tsofaffin da suka san dalilinsu kuwa suna ƙarewa. Kowane malamin Hausa ya tura ɗalibansa gidan makaɗin garinsu da alƙalami da takarda: wa aka yi wa waƙar, yaushe, don me? Da sauran rana ake shanya.