Wace Ƙaramar Hukuma Zan Rubuta? Matsalar Neman Aiki Daga Jos Zuwa Sabon Ibadan

Duk lokacin da aka buɗe shafin ɗaukar 'yan sanda ko kwastam ko soja, shagunan kwamfuta na Titin Bauchi da Gangare a Jos sukan cika da samari. Suna, ranar haihuwa, sakamakon WAEC, duk cikin minti biyar an cike. Da an iso gurbin jihar asali da ƙaramar hukuma, sai hannu ya tsaya. Ku da aka haifa a Sabon Ibadan ko Agege ko Ama Hausa ta Owerri kun san wannan tsayuwar, don haka maganar Jos maganarku ce.

Kakanninmu sun hau dutsen nan tun farkon ƙarni na 20, lokacin haƙar kuza, wasu da fatauci, wasu da shanu. A 1991 gwamnatin Babangida ta ƙirƙiri ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, kuma tun daga nan gardamar waye ɗan ƙasa waye baƙo ba ta kwanta ba. Mutane sukan manta cewa cikin abubuwan da suka hura wutar rikicin 7 ga Satumba 2001 akwai maganar aiki: naɗin Alhaji Mukhtar Muhammad a matsayin jami'in shirin yaƙi da talauci na Jos ta Arewa. Taron zaman lafiya na 2004, zamanin dokar ta-ɓaci ƙarƙashin Janar Chris Alli, ya tsayar da cewa Birom da Anaguta da Afizere su ne 'yan asalin Jos. Ma'anarsa ga mai neman aiki a fili take. Tsarin mulkin 1999 ya ce a raba muƙaman tarayya tsakanin jihohi, ana kuma gane jiharka ne da takardar indijin. Wanda ƙaramar hukumar da aka haife shi ba ta ba shi, dole ya nemi garin kakansa a Kano ko Katsina ko Bauchi, garin da wataƙila bai taɓa kwana ba, inda mai unguwa zai ce masa, “Yaro, ɗan gidan wa ne kai?”

Shawarata a nan gajeriya ce. In aikin gwamnati kake so, ka ɗauki mahaifinka ko baffanka ku je can tun ba a buɗe shafi ba, a gabatar da kai ga dagaci, ka karɓi takarda ta gaskiya. Wadda ake bugawa a bayan shago ranar tantancewa take tona asiri, kuma ko ta wuce, tana nan cikin fayil tana jiran ranar da wani zai so kujerarka.

Amma fa ƙofar gwamnati ƙarama ce ga kowa, har masu indijin ɗin. A 15 ga Maris 2014 dubban ɗaruruwan matasa suka cika filayen wasa don jarrabawar shiga hukumar shige da fice, kowa ya biya naira 1,000, mutum sama da 15 suka mutu a turmutsitsi. Kada kuma alƙaluma su ruɗe ka. Hukumar ƙididdiga ta ce rashin aiki ya kai kashi 33.3 a ƙarshen 2020, sai a 2023 ta ce kashi 4.1 ne. Ba ayyuka ne suka ƙaru ba, ma'auni aka canza: wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako an lissafa shi cikin masu aiki. Hukumar da bakinta ta ce sama da kashi 90 na masu aiki ba a ofis suke ba, suna kasuwa da gona da titi.

To ga inda nake ganin mu muke cutar kanmu. Kamfanin rarraba kaya, gidan mai, ma'ajiyar hatsi, kamfanin sufuri, yawancinsu ba ruwansu da indijin. Wanda zai riƙe kaya da kuɗi suke nema. Amma yaronmu zai je shagon kwamfuta a kwafo masa CV ɗin wani, a sa addini, a sa jihar asali, a sa wai yana son karatu da tafiye-tafiye, gurbin ƙwarewar aiki kuwa a bar shi fayau. Alhali tun yana shekara 15 yake karar Bukur.

Ni a kara na tashi, na san abin da yaron da ke bin mahaifinsa ya iya. Yana riƙe littafin bashin mahauta. Yana lissafin la'adar dillali da kuɗin tirela da harajin hanya. Ya raka shanu daga Jos zuwa Lokpanta ko mayankar Oko-Oba, ya san shinge nawa ne a hanya da yadda ake magana a kowanne, ya dawo da kuɗin mutane ba ko sisi da ya yi ciwon kai. Yana jin Hausa da Turancin buroka, wani har Yarbanci ko Fulatanci. Wannan duka aiki ne, rubuta shi za ka yi da shekara da adadi: daga shekara kaza zuwa kaza, na kula da lodin tirela kaza a wata, na riƙe asusun abokan ciniki kaza. Gaskiya kawai, domin za a tambaye ka. Shafi ɗaya ya isa. Lambar waya mai shiga, imel mai ɗauke da sunanka na yanka ba laƙabin Facebook ba, da mutum biyu da za su tsaya maka, misali shugaban kasuwarku da malamin makarantarku, bayan ka nemi izininsu. Addini da jihar asali, in ba a tambaya ba, bar su. Mai sana'ar hannu kuma ya nemi takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago. Abin haushi, hedikwatar ITF mai horar da ma'aikata tana nan Jos, amma cikin abokaina kaɗan ne suka taɓa leƙa ta.

Saura maganar kunya, wadda ta fi takarda wuya. An rene mu kada mu haɗa ido da babba, kada mu yabi kanmu. A zaure tarbiyya ce. A ɗakin intabiyu a Ikeja ko Fatakwal, manaja yana ganin ka sunkuyar da kai sai ya ɗauka ba ka san amsa ba, ko kana ɓoye wani abu. Abin dariyar shi ne, wannan yaron da zai ce wa Alhaji “albarka” sau biyar a kan bijimi ɗaya ba tare da ya ƙifta ido ba, shi ne in an tambaye shi albashi nawa yake so zai ce, “Duk abin da kuka ba ni.” Wallahi ciniki ne, an ce ka yi suna ne kafin a taya. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, duk da dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ka lissafa kuɗin motarka na wata a farashin bayan cire tallafin mai, ka faɗi adadinka, ka yi shiru. In an sallama, ka nemi a rubuta maka a takarda, da ranar biya da lokacin tashi, kafin ka karɓi makullin shago.