Ƙarin Ruwa Ba Abinci Ba Ne: Giɓin da Ke Jiran Masana Hausa

A Kurugu da sauran ƙauyukan Karaye da Rogo, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, da zarar an rataya wa majiyyaci leda sai hankalin dangi ya kwanta: an yi masa ƙarin ruwa, ƙarfi zai dawo. Kalmar tana da daɗin faɗa, sai dai ta haɗiye abubuwa biyu mabambanta.

Ledar da aka fi sani ruwan gishiri ce ko na sukari. Lita guda ta ruwan sukari mai kashi 5 cikin 100 giram 50 kawai take ɗauke da shi, abin da bai wuce kalori 200 ba, alhali baligi na buƙatar kimanin 2,000 a yini. Babu furotin a cikinta ko kaɗan. Wanda ya daɗe a kanta ba ya cin abinci, naman jikinsa yake ci.

Ciyarwa ta jijiyar jini daban take. Stanley Dudrick da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka ne suka tabbatar da ita a 1968, inda 'yan kwikwiyo, daga baya kuma jaririya, suka girma ba tare da cin komai ta baki ba. Ginshiƙinta sinadaran amino ne, wato tubalan furotin guda 20, waɗanda tara daga ciki jiki ba ya iya ƙera su. Tunda sun tsallake hanji zuwa jini kai tsaye, adadinsu a jinin abin lura ne: bakwaini na iya tara fenilalanin ya rasa tairosin, mai ciwon hanta kuwa ma'aunin nasa a karkace yake tun farko.

Wani zai ce wannan aikin likitoci ne. Amma likitan Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Hausa zai yi wa mai jinya daga Rogo bayani, kuma da wace kalma? Ko "jijiya" kanta ta haɗa ta jini da ta motsi. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi na 1990, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, ya wadata nazarin harshe da adabi. Ɗakin jinya yana jiran nasa rabon. Ya kamata Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta zauna da likitoci a raba "ƙarin ruwa" da "ciyarwa ta jijiya", sannan a gwada kalmomin a bakin masu jinya a Karaye kafin a buga su.