Ƙaryar da Ta Faɗi Sunanta

Akwai wata tuhuma da ta daɗe a bakin wasu malaman adabi da dattawanmu, cewa karatun almara ya lalata matasan karkara. Suna nufin littattafan nan na yaƙi da aljanu da bokaye da takubban tsafi, irin na su Abdul'aziz Sani Madakin Gini, waɗanda ake saye a gefen kasuwa, ko a tura wa mutum muryar mai karanta su cikin waya a rumfar mai caji, daga Bichi zuwa Ɗambatta, daga Kunchi zuwa Minjibir. Wai saurayin da ya yini a gona, maimakon ya yi tunanin abin da ya sa buhun taki ya fi ƙarfin mahaifinsa, sai ya toshe kunne da labarin sadaukin da ya kashe dodo a birnin da babu shi a taswira. Wai wannan gudu ne daga gaskiya, mai gudu kuwa ba ya gyara ƙasa. A ganina, masu wannan tuhuma sun bar jaki suna dukan taiki.

Mu fara da gaskiyar da ake cewa yana gudu daga gare ta. A arewacin Kano gona ba ta hutawa. Jama'a ta yi yawa, ƙasa ba ta ƙaruwa, kowane rabon gado kuma yana ƙara tsaga abin da ya rage, har gandun da ya ciyar da gida guda ya koma 'yan kuyoyin da ba su kai mutum watanni shida. Da takin dabbobi da sharar birni aka riƙe wannan ƙasa tun kaka da kakanni. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa manomi ya tsaya da hatsinsa a kasuwa babu mai takardar naira a hannu. Ranar 29 ga Mayu na shekarar aka cire tallafin mai, kuɗin motar kai kaya Dawanau ya tashi. A Agustan 2024 tsadar rayuwa ta fito da mutane kan titi. Wanda ya san kuɗin kwanon gero da safe, ya kuma ga ya canja kafin la'asar, ba ya jiran marubuci ya sanar da shi akwai yunwa. Idan ya nemi awa guda da dare ya sauke wannan kaya daga kansa, bai yi laifi ba. Jaki ma ana kwance masa mangala. Tatsuniyar da muka gada ta ratso yunwar Kakalaba ta 1914 da farin 1973 ba ta mutu ba, domin mutanen da suka sha waɗannan wahalhalu sun ga tana da amfani a gare su.

Amfaninta kuwa ya wuce hutu. Duk wanda ya saurari labaran Gizo da kunnen basira ya san darasin siyasa ne. Ga zaki mai mulki, ga kura mai haɗama, ga wani ɗan tsurut da ba shi da ƙarfi sai wayo, kullum yana neman yadda zai ci ya tsira a tsakaninsu. A zamanin da talaka ba ya iya buɗe baki a gaban dagaci kan haraji, yana iya faɗin abin da kura ta yi, kowa kuma ya gane kurar. Da labarin Hausa ya shiga ɗab'i, da wannan hali ya shiga. A gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da ƙagaggun labaranmu na farko, Abubakar Imam ya aika jarumin Ruwan Bagaja har ƙasar aljanu. Bello Kagara kuwa, a Ganɗoki, ya ɗauki mayaƙin da ya kara da Turawa aka ci su da yaƙi, ya kai shi wata duniya inda takobinsa ke ci har yanzu. A ƙarƙashin mulkin Turawa aka rubuta wannan, a madaba'ar da suke kula da ita. Aljanu ne suka ba shi damar riƙe wa Bahaushe martabar da bindiga ta ƙwace. Haka nan da Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da littafin George Orwell zuwa Hausa da sunan Gandun Dabbobi, babu manomin da zai ji labarin aladun da suka kori mai gona suka gaje bulalarsa ya ce bai san su ba.

Babu mai neman canji sai wanda ya iya ƙiyasta duniyar da ba ta zo ba tukuna. Lokacin da aka kafa NEPU a Kano a 1950, ƙauyen da ba a biyan haraji almara ce. Sai da mutane suka riƙe wannan almara shekaru kusan talatin, suka sha ɗauri da bulala a kanta, kafin gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali bayan zaɓen 1979. Zuciyar da ta saba tambayar "da a ce abin ba haka yake ba fa?" ita ce wadda azzalumi ya fi tsoro.

Sannan mu auna ƙarya da ƙarya. Mai tatsuniya yakan buɗe da sanarwa, ya rufe da amsa cewa ƙarya ya yi, ya jingina ta ga Gizo. Mai sayen littafin yaƙi ya san babu doki mai fiffike. Bai taɓa sayar da akuyarsa don ya saya ba. Amma akwai wata almarar da ake karantawa a kan dandamali duk bayan shekara huɗu, mai cike da rijiyoyin burtsatse da taki kyauta da hanya har ƙofar gida, a rufe ta da taliya da sabulu da turmin atamfa. Wannan ba ta taɓa faɗin sunanta ba. Wace ce daga cikin biyun ta bar rumbu wayam? A 2007 an ƙona littattafan Hausa a Kano a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. Har yau ba a tara takardun alkawarin 'yan takara an cinna musu wuta ba.

Wurin da ya kamata a kai sara shi ne wajenmu marubuta. Yawancin littattafan yaƙinmu a Misra da Farisa da birnin Sin suke faruwa, kuma kusan kullum mutum ɗaya ne mai baiwa yake zuwa ya ceci gari, talakawa suna gefe suna guɗa. Wanda ya girma da wannan siffa kaɗai zai iya kai ta rumfar zaɓe, ya yi ta jiran mai ceto. Maganin wannan shi ne a faɗaɗa wa mai karatu mafarkin, kada a ƙwace masa shi. A 1969, shekarar da ɗan'adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, ya ɗora yaro Bahaushe a jirgin sararin samaniya. Fiye da shekaru hamsin ke nan, magadansa a wannan fage ba su taka kara sun karya ba.

Ina labarin Tsanyawa a shekarar 2075, lokacin da damina ta gajarta, gonar gado ta koma faɗin tabarma? Wa zai mallaki ruwan madatsar Watari da ta Tomas a ranar? Idan irin shuka ya zama sai an saya kowace shekara daga hannun kamfani, me zai faru da tsohuwar da ta ɓoye irin geron kakanta a cikin tulu? Idan na'ura ta iya noma da girbi, ina 'yan ƙwadago za su nufa? Waɗannan labaran kimiyya ne, kuma siyasa ce tsantsa. Jaruminsu ba sai ya zo da takobin tsafi ba, domin karkara ta riga ta san wani jarumi mai hannu ɗari, wanda ke nome gonar mara lafiya kafin azahar. Sunansa gayya.

Saboda haka a ƙyale saurayin Makoɗa da wayarsa a kunne. Ya biya kuɗin caji da guminsa, ya kuma san abin da ya saya. Masu kishinsa na gaskiya su ɗauki alƙalami su rubuta masa almarar da aka gina a kan gonarsa, wadda idan ya gama ji zai kwana yana tambayar wanda ya ce dole gobe ta yi kama da yau.