Wa zai wanke hoton Arlit?

Tun ranar 31 ga Maris 2021 da Cominak ta tsaida aiki a Akuta, iyalai da dama sun ɗaure kaya sun koma Tawa, Maraɗi, Damagaram da Yamai. Kowa ya tafi da albom ɗinsa a ƙasan akwati. Hoton suna, hoton biki, hoton ƙungiyar ƙwallo, hoton baba da hular kwano a bakin rami, duk sun watse a ƙasa. Garin nan ƙarami ne a shekaru, a 1969 aka kafa shi, har yanzu akwai dattawan da suka ga wurin yana fili babu ko bukka. Amma ku tambaya ina za a je a ga Arlit ta 1975 da ido, ba mai nuna muku ƙofa.

Ra'ayinmu shi ne samarin garin nan su koyi wankin hoto fari da baƙi, su koyi haɗa ruwansa da hannunsu. Mun san wani zai yi dariya, ya ce ga waya a aljihun kowa. To, ina hotunan da kuka ɗauka da wayarku ta shekara 10 da suka wuce? Wayar ta faɗi, katin ya ƙi buɗewa, yaro ya goge. Dodon hoto kuwa, wato fim ɗin da aka wanke wanda fari ke fita baƙi a kansa, azurfa ce zaune kan leda. In an wanke shi da kyau an ɓoye shi, jika zai ɗaga shi ga rana ya ga kakansa, ba caji ba rezo.

Bamako ta nuna mana amfanin haka. Seydou Keïta ya buɗe studiyonsa a 1948, ya adana dodannin hotunansa, sai farkon shekarun 1990 aka fiddo su aka buga manya, duniya ta ɗauka. Malick Sidibé ya karɓi babbar kyautar Zakin Zinariya a Venise a 2007 da hotunan samarin unguwa suna rawa. A Yamai ma an yi Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki daren birnin bayan samun ƴancin kai. Mu nan fa? Yawancin hotunan Arlit da duniya ta sani baƙi suka ɗauka, su zo kwana biyu su koma. Idrissou Mora-Kpaï ya yi fim ɗinsa "Arlit, deuxième Paris" a 2005, Amina Weira ta yi "La colère dans le vent" a 2016, Allah ya saka musu. Amma hoton yau da kullum, na Bukoki da na gidajen ma'aikata, masu studiyon gari suka ɗauke shi, kuma yawancinsu yanzu sun koma hoton kati a kwamfuta.

Wani abin da ya kamata ɗan Arlit ya sani: uraniyom da hoto tsofaffin abokai ne. A 1896 Henri Becquerel a Faransa ya aje gishirin uraniyom kan farantin hoto naɗe cikin baƙar takarda, ya sa cikin durowa saboda hadari ya rufe rana. Da ya wanke farantin sai ya ga tabo baƙi, alhali haske bai shiga ba. Ta nan aka gano wannan tururin da ido ba ya gani, wanda mu muke kwana muna tashi da maganarsa. Ashe ruwan wankin hoto ne ya fara tona asirin dutsen da aka gina garinmu dominsa. An koya mana sunan Becquerel a lise, ba a taɓa sa mu wanke ko faranti guda ba.

Aikin ba sihiri ba ne. A jikin fim akwai ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. Waɗanda haske ya taɓa, ruwan farko, wanda masu studiyo ke ce wa rebelater, yana maida su baƙar azurfa. Ruwa na biyu, fiksater, yana narkar da sauran da haske bai taɓa ba, don kar su yi baƙi daga baya. Shi ke nan.

Haɗin da ya fi suna shi ne D-76 na kamfanin Kodak, tun 1927 ake aiki da shi: metol giram 2, silfit na sodiyom giram 100, idrokinon giram 5, boraks giram 2, a cika ruwa lita 1. Ana farawa da ruwa mai ɗumi, a narkar da metol tukuna, don in silfit ya riga shi da yawa sai ya ƙi narkewa. Akwai D-23 da ya fi shi sauƙi, abu biyu kawai: metol giram 7,5 da silfit giram 100 a lita. Af, idrokinon ɗin nan ba baƙo ba ne a kasuwarmu, shi ne ke cikin mayukan bilicin da ƴan'uwanmu mata ke shafawa. Mai hoto yana sa safar hannu kafin ya taɓa shi, ku yi tunani.

Wanda bai samu waɗannan ba, teburin mai shayi ya ishe shi. A 1995 ɗalibai a wata makarantar fasaha ta Rochester a Amurka suka nuna kofi na wanke fim, daga baya masu sha'awa suka gyara haɗin. Wanda aka fi bi: sodar wanki, wato karbonat na sodiyom, giram 54, garin bitamin C giram 16, kofi mai narkewa irin Nescafé giram 40, ruwa lita 1. Soda a fara, sai bitamin, kofi a ƙarshe, fim ya yi minti 15 a ciki. Warinsa ba daɗi, kuma ba a aje shi, a haɗa a yi aiki a zubar. A kula, ba sodar sabulu mai ƙona hannu ake nufi ba. In ba a samu karbonat ba, bikarbonat na farmasi in aka gasa shi a wuta yana komawa karbonat. Kanwarmu ma danginsa ce, sai dai tana da gishiri da ƙasa, ƙarfinta kuma ba ɗaya ba ne daga wannan dunƙule zuwa wancan. Nan ne muke son malaman kimiyya na lise su shigo: a jiƙa, a tace, a auna, a gwada, a rubuta abin da ya fito. Wannan ai ya fi haddar allo.

Sikeli kuwa, tun da zinariya ta ɓarke a Jado da Cibarakaten a 2014, ƙaramin ma'aunin da ke auna ƙasa da giram ya cika gari. Yaran da ke wasa da merkir da siyanir don neman abinci, ba a ce musu giram 2 na metol ya fi ƙarfinsu ba.

Wahala akwai ta. Ta farko zafi. An tsara waɗannan haɗe-haɗen a kan digiri 20, mu kuwa daga Afrilu zuwa Yuni muna haura 40. Ruwa mai zafi yana hanzarta aikin, ya kumbura fatar fim har ta sulluɓe. Dabara ita ce aikin asuba, ruwan randa, ɗan ƙanƙara, kuma duk ruwayen su zama zafi ɗaya. Lokacin ɗari, Disamba da Janairu, Allah ya ba mu ɗakin wanki kyauta. Ta biyu ƙura: fim jiƙaƙƙe in iska ta busa masa rairayi ya zauna har abada, dole a shanya shi a rufaffen wuri da aka yayyafa wa ruwa. Ta uku ita ce babba. Fim da takarda da fiksater ba a haɗa su da kayan teburin mai shayi, dole a yi odarsu daga nesa, kuma mun san halin hanyar Tawa. Shi ya sa ba mu ce kowa ya buɗe labo a ɗakinsa ba. Ɗaki ɗaya mai duhu a gidan matasa ko a lise ya ishi gari, a haɗa kuɗi a sayo kaya tare. Fiksater da ya gaji yana ɗauke da azurfa, a tara shi a bido, kar a zuba inda awaki ke sha. Ƙasarmu ta sha abin da ya ishe ta.

Masu cewa mutane na neman na tuwo ana zancen hoto, mun ji ku, kuma da gaskiyarku. Sai dai ranar da bazawara za ta nuna mijinta ya yi shekara 20 a ƙarƙashin ƙasa, ko a so sanin yadda wata unguwa take kafin a tara tsibin dusar ma'adini kusa da ita, hoto mai kwanan wata shaida ne.

Kafin a samu ɗakin, ga abin da ba ya cin ko dala. Duk wanda mahaifinsa ko maigidansa ya taɓa riƙe studiyo, ya duba kwalayen da ke bisa silin ko cikin mangaza. Kar a goge dodon hoto da jiƙaƙƙen tsumma, kar a kama shi sai ta gefe. Wanda ke warin binegar ya fara lalacewa, a ware shi daban don yana harbin sauran. A sa takarda tsakani, a kai ɗaki mafi sanyi a gidan. Sannan a zauna da tsoho tun yana iya ganewa, a ɗaga masa ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi wane ne, wace unguwa, wace shekara, a rubuta a jikin ambulan da fensir.