Ingancin Wutar Lantarki a Masana'antun Kano

Duk mai nazarin Hausa, in ya kasa kunne ga yadda jama'a ke zancen lantarki, zai tarar maganar ba ta wuce jimla biyu ba, watau "an kawo wuta" da "an ɗauke wuta". Tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, har zuwa 2013 da aka sayar da sashen rarraba wuta ga 'yan kasuwa, KEDCO ta karɓi Kano da Katsina da Jigawa, da wannan mudu muke awo. A ganina mudun ya isa ga mai kunna ƙwai ɗaya a zaure, amma ga mai masana'anta a Bompai ko Sharaɗa ko Challawa ba a nan gizo ke saƙa ba. Shi abin da ya dame shi shi ne, wutar da aka kawo wace iri ce?

Lantarki yana da ƙa'ida kamar yadda awon hatsi ke da ita. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, ta manyan injuna kuwa kan zo a layi uku da ƙarfin bolt 400 ko ɗan abin da ya ɗara, tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. In ƙarfin ya ragu, abin da 'yan gari ke kira lo-karan, injin da ke juya dutsen niƙa ko famfon majema ba ya tsayawa ya huta. Sai ya riƙa jan wuta fiye da kima domin ya cika aikinsa, wayar da aka naɗe a cikinsa ta ɗau zafi. Injiniyoyi sun daɗe da lura cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yakan rage rabin kwanakin rufin da ke jikin wayar nan. Ranar da kwayil ya ƙone sai a ce injin ya tsufa, ko a zargi yaron da ke tsaronsa, alhali kuwa ruwa ba ya tsami banza. Mafi muni shi ne layi ɗaya daga cikin ukun ya faɗi: fitilun ofis na ci, manaja na zaune hankali kwance, injin kuwa yana gurnani a kan layi biyu har ya toye.

Sa'an nan akwai ƙiftawar da ba ta cika daƙiƙa ɗaya ba. Mai gida ba zai ma lura da ita ba. Amma a kamfanin roba ta isa ta tsayar da injin, narkakkiyar roba ta daskare a cikinsa, a share sa'o'i ana kankarewa, ana biyan leburori ladan aikin da ba ya haifar da ko bokiti ɗaya. Hakanan mai ɗakin sanyi da ya tara kifi, wanda dukiyarsa duka ta rataya a wuyan kwamfureso.

To, a watan Afrilu na 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, bisa alkawarin sa'o'i 20 a rana. Ban ƙi ba, alkawarin da ake iya ƙirgawa ya fi wanda ba a iyawa. Sai dai sa'o'i kaɗai aka ƙirga. Sa'a ashirin ta wutar da ba ta iya tayar da injin daidai take da buhun da aka cika da ƙaiƙayi, aka karɓi kuɗin gero. Abin da nake nema shi ne a sa inganci cikin cinikin, yadda in ƙarfin wuta ya kauce wa ƙa'ida mai saye zai sami abin kai ƙara da shi.

Hanyar kuwa sananniya ce. Akwai na'urar da ake liƙawa a bakin taransifoma ko a allon da wuta ke shiga masana'anta, a bar ta mako guda tana rubuta hawa da saukar wuta dare da rana. A Turai ƙa'idarsu ta tanadi cewa cikin mako, kashi 95 bisa 100 na awon da ake ɗauka kowane minti 10 kada ya kauce da fiye da kashi 10 bisa 100. Mu ma ba abin da zai hana mu. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, saboda haka jiha na iya kafa wannan sharaɗi ba tare da jiran Abuja ba.

Wani zai ce, ƙasar da yawancin Arewacinta ya yi fiye da mako guda cikin duhu a watan Oktoba na 2024, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, ina ita ina zancen inganci? Hujja ce mai nauyi, amma ta manta da abu guda. Ba duka laifin daga waje yake shigowa ba. Siraran wayoyi da aka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinsu, da jibga wa layi ɗaya injuna a bar biyu suna hutawa, da injin walda ko inbata da ke gurɓata wutar maƙwabta, da rashin binne wayar ƙasa yadda ya kamata, duk a cikin gida suke, ko da janareta ake aiki suna nan. Awon mako guda shi zai raba tsakanin laifin mai kawo wuta da na mai masana'anta, kuma gyaran na biyun, alal misali raba injuna daidai a kan layukan uku, sau da yawa bai kai kuɗin sake naɗa babban inji guda ba.

Mu kuma a wannan sashe akwai namu aikin. Har yau kalmar "wuta" ita kaɗai ke ɗauke da ƙarfin lantarki da yawan abin da injin ke ja da kuma yunit ɗin da mita ke ƙirgawa, abubuwa uku da ke da bambanci. Mai gyaran da ya koyi sana'a a bakin kasuwa da Hausa yake tunani, da ita kuma zai yi wa maigidansa bayanin dalilin ƙonewar injin. Ya kamata malamanmu su zauna da na sashen injiniya a tsayar wa kowanne daga cikin ukun nan da sunansa, a buga ƙaramin littafi a kai wa masu gyara a Sharaɗa da Bompai su gwada, su faɗi wanda ya zauna a baki.